Ƙasashen da Furfura Ta Fi Goyo Yawa

A ƙasar Japan, ranar Litinin ta uku cikin watan Satumba ranar hutu ce wadda hukuma ta keɓe domin girmama tsofaffi. Tun shekarar 1963 gwamnatin ƙasar ta ɗauki al'adar aika wa duk wanda ya cika shekara 100 a duniya takardar taya murna daga Firayim Minista, haɗe da wani ɗan ƙoƙo na azurfa. A shekarar da aka fara wannan abu, masu shekara 100 ko fiye a ƙasar baki ɗaya su 153 ne kacal. A shekarar 2024 sun haura 95,000, kuma kusan 9 cikin kowane 10 mata ne. Yawansu ya kai har kuɗin ƙoƙon ya fara yi wa baitulmali nauyi. Da farko aka rage girmansa, daga 2016 kuma aka koma ba da na ƙarfe wanda aka shafe da ruwan azurfa.

Wanda ya ji wannan labari zai ce ai Japanawa sun dace, domin tsawon rai da lafiya shi ne abin da kowa yake yi wa iyayensa addu'a. Haka ne. Amma akwai wani lissafin da hukumar ƙasar take fitarwa kowace shekara wanda ba a yi masa biki. A shekarar 1949 an haifi jarirai kimanin miliyan 2.7 a Japan. A shekarar 2024 waɗanda aka haifa wa Japanawa ba su kai 700,000 ba, alhali kuwa waɗanda suka mutu a shekarar sun kai miliyan 1.6. Watau duk sa'ad da aka yi suna sau ɗaya, an yi jana'iza fiye da sau biyu. Tun wajen 2008, lokacin da jama'ar ƙasar suka kai miliyan 128, yawansu ya tsaya, daga baya kuma ya shiga raguwa. Masu shekara 65 zuwa sama sun kai kashi 29 cikin 100, yara 'yan ƙasa da shekara 15 kuwa kashi 11 ne kawai. Har wani babban kamfanin takarda mai suna Oji ya ba da sanarwa a 2024 cewa zai daina yin ƙunzugun jarirai domin kasuwar cikin gida, ya mai da hankali ga na tsofaffi, saboda can cinikin yake.

Wannan shi ne abin da masana ƙidaya suke kira tsufan al'umma. Ba wai mutum ɗaya ya tsufa ba, wannan kam tilas ne ga duk wanda ya yi nisan kwana. Abin nufi shi ne rabon tsofaffi cikin jama'a ya yi ta ƙaruwa, na yara da matasa yana raguwa. In aka jera mutanen ƙasa irin tamu bisa shekarunsu, yara a ƙasa, tsofaffi a sama, siffar da za ta fito kamar jinkar ɗaki ce, gindi da faɗi, kai tsini. Ta Japan ta zama kamar tulu, gindi ya tsuke, ciki da kafaɗa sun buɗe. Masana suna cewa ƙasa ta fara tsufa in masu shekara 65 suka kai kashi 7 cikin 100, ta tsufa in sun kai kashi 14. Faransa ta yi shekara 115 kafin ta tashi daga matakin farko zuwa na biyu. Japan ta yi wannan tafiya cikin shekara 24, daga 1970 zuwa 1994. Koriya ta Kudu ba ta ma kai shekara 20 ba.

Kuma ba Japan kaɗai abin ya shafa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a shekarar 2018, karo na farko a tarihi, masu shekara 65 zuwa sama a duniya sun fi yara 'yan ƙasa da shekara 5 yawa.

ABIN DA YA KAWO HAKA

Dalili na farko a fili yake, mutane sun daina mutuwa da wuri. A shekarar 1947 jaririn da aka haifa a Japan ana sa ran zai yi shekara 50 in namiji ne, 54 in mace ce. Yanzu ana maganar shekara 81 ga maza, 87 ga mata. Tarin fuka, wanda a da shi ne kan gaba wajen kashe Japanawa, an ci ƙarfinsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan a 1961 aka sa kowane ɗan ƙasa cikin inshorar lafiya, har ya zama talaka ba ya jin tsoron zuwa asibiti saboda kuɗi. A duniya baki ɗaya ma haka abin ya tafi, ko da yake ba da sauri ɗaya ba. Ruwa mai tsabta, da allurar rigakafi, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da kawar da agana wadda aka tabbatar a 1980, su suka ɗaga tsawon ran ɗan Adam daga wajen shekara 46 a 1950 zuwa wajen 73 a zamanin nan.

To, amma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Tsawon rai shi kaɗai ba ya tsofar da ƙasa sosai. In tsofaffi suna daɗewa amma gidaje cike suke da yara, jinkar nan tana nan yadda take, tsininta ne kawai ya ɗan ƙara tsawo. Babban dalilin shi ne raguwar haihuwa. Kafin al'umma ta maye gurbin kanta, ana bukatar kowace mata 10 su haifi 'ya'ya 21 a tsawon rayuwarsu, 20 su maye iyayensu, ɗaya kuma saboda waɗanda ba za su kai girma ba. A 1947 mata 10 a Japan suna haihuwar 'ya'ya 45. A 1948 aka yi dokar da ta halatta zubar da ciki bisa wasu sharuɗɗa, hukuma kuma ta shiga yaɗa tsarin iyali saboda tsoron yunwa bayan yaƙi, kafin 1957 adadin ya faɗo zuwa 20. A 2023 ya koma 12. A Koriya ta Kudu, inda mace take haihuwar wajen 6 a 1960, lissafin 2023 ya nuna mata 100 'ya'ya 72 ne kawai, har zuwa lokacin ba a taɓa ganin ƙasar da ta yi ƙasa haka ba.

Akwai wani abin al'ajabi da ya faru a tsakani wanda ya cancanci a faɗa. Japanawa suna da wani camfi game da wata shekara da suke kira ta Dokin Wuta, wadda take zagayowa bayan kowace shekara 60, wai macen da aka haifa a cikinta za ta yi zafin rai har ta halaka mijinta. Da shekarar ta zo a 1966, haihuwa ta ragu da wajen rubu'i, adadin ya sauka zuwa 1.58 ga kowace mace, shekara ta gaba kuma ya koma yadda yake. Kowa ya ce ai camfi ne, ya wuce. Sai ga shi a 1989, babu doki babu wuta, adadin ya sauka zuwa 1.57. Ranar nan ce hankalin mahukunta ya tashi, suka gane cewa abin da camfi ya yi shekara ɗaya, zaman duniya ya mai da shi na kullum.

Me ya sa mutanen da suka fi kakanninsu arziki nesa ba kusa ba suka rage haihuwa haka? Amsar ba ɗaya ba ce. Manomi a ƙauye yana ganin ɗa a matsayin hannu a gona, yaro ɗan shekara 10 ya isa kiwo da kai abinci. A birni kuwa yaro baki ne da za a ciyar, da kuɗin makaranta da za a biya har ya wuce shekara 20, a cikin gida mai ɗaki biyu wanda hayarsa take cinye rabon albashi mai yawa. Bugu da ƙari, iyayen da suka tabbata 'ya'yansu za su rayu ba sa bukatar haihuwar 7 domin 4 su tsira. Sa'an nan mata sun yi karatu mai zurfi sun kama aiki, amma al'adar ofis a Japan da Koriya ba ta sauya ba: namiji ya fita da sassafe, ba ya dawowa sai dare ya raba, aikin gida da reno da jinyar surukai duk a kan matar. Da yawa daga cikin 'yan matan suka duba wannan ciniki suka ga babu riba. A farkon shekarun 1970 ana ɗaura aure fiye da miliyan ɗaya a shekara a Japan, a 2023 ba a kai rabin miliyan ba. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa cikin maza masu shekara 50, kashi 28 cikin 100 ba su taɓa aure ba, mata kuma kashi 18. Da yake haihuwa ba tare da aure ba kaɗan ce ƙwarai a ƙasar, wajen 2 cikin 100, raguwar aure kai tsaye raguwar haihuwa ce.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba shi ne, raguwar tana haifar da kanta. Yaran da ba a haifa ba a 1995 su ne iyayen da babu a yau. Ko da kowace matar Japan za ta yanke shawara gobe ta haifi 3, matan da suke cikin shekarun haihuwa sun riga sun yi kaɗan, sai an yi shekaru masu yawa kafin a ga bambanci. A ɗaya gefen kuma, waɗancan jarirai wajen miliyan 8 da aka haifa tsakanin 1947 da 1949, sa'ad da sojoji suka dawo gida daga yaƙi, dukkansu sun haye shekara 75 kafin 2025.

WA ZAI BIYA?

Tsarin fansho na galibin ƙasashen nan kamar adashi yake. Kuɗin da ake yanka daga albashin ma'aikaci a wannan wata ba ajiye masa ake yi ba, da shi ake biyan tsohon da ya yi ritaya, shi kuma in lokacinsa ya zo na bayansa su biya shi. Adashi kuwa yana tafiya ne muddin masu zubi sun fi masu kwasa yawa. Sa'ad da Bismark ya kafa fanshon gwamnati a Jamus a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 yake karɓa, kuma a zamanin ma'aikata kaɗan ne suke kaiwa can. A Japan a 1950, kowane tsoho ɗaya akwai mutum 12 masu shekarun aiki a bayansa. A 2023 saura 2. Ga shi kuma wanda ya yi ritaya yana iya yin shekara 20 ko 25 yana karɓa.

Hanyoyin gyara uku ne, kuma babu mai daɗi a cikinsu: a ƙara wa masu aiki haraji, ko a rage wa tsofaffi abin da ake ba su, ko a ce kowa ya ƙara shekarun aiki. Japan ta taɓa dukkan ukun. Harajin saye da sayarwa ya hau zuwa kashi 10 cikin 100 a 2019, kuma wata doka ta 2021 ta nemi kamfanoni su yi ƙoƙarin bai wa ma'aikaci damar aiki har shekara 70. Duk da haka kusan sulusin kasafin kuɗin gwamnati yana tafiya wajen fansho da lafiya da kula da jama'a, bashin da ake bin gwamnati kuwa ya ninka abin da ƙasar take samarwa a shekara fiye da sau biyu. Jamus ta yi doka a 2007 wadda take ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali zuwa 67. Faransawa su ba su ɗauki abin da sauƙi ba. Da gwamnatin Shugaba Makron ta ɗaga shekarun daga 62 zuwa 64 a 2023, ba tare da ta bari majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a a kai ba, sai da aka yi watanni ana yajin aiki da zanga-zanga, shara ta taru tuli a titunan Paris. Rigimar ba ta kwanta ba har watan Oktoba na 2025, lokacin da Firayim Minista ya yi tayin jingine dokar sai bayan zaɓen 2027.

A ganina nan ne ƙullin yake. Tsofaffi sun fi matasa fita zaɓe, ga shi kuma sun fi su yawa. Ɗan siyasar da ya taɓa fansho ya san abin da zai same shi a akwati, wanda ya rage kuɗin makarantun renon yara kuwa ba ya jin ko ɗar. Ta haka ƙasar da ta fi kowa bukatar yara takan wayi gari tana kashe mafi yawan kuɗinta a kan waɗanda suka gama haihuwa.

Kuɗi ma da sauƙi a kan jinya. Tsawon rai ba kullum yake zuwa da lafiya ba. Hawan jini, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon daji ba sa kashewa nan take kamar kwalara, sai su kwantar da mutum shekara da shekaru. Mafi wuya a cikinsu shi ne gigin tsufa, inda mutum yake manta sunan 'ya'yansa, ya fita daga gida ya kasa gane hanyar dawowa. Masu fama da shi a Japan sun wuce miliyan 4. A da matar babban ɗa ita take ɗaukar jinyar surukanta, kamar yadda muka sani a nan. Yanzu ɗan yana Tokyo, ko bai yi aure ba, ko ma babu shi. Saboda haka sai ka tarar tsohuwa mai shekara 80 ita take ɗaga mijinta mai shekara 85, ko 'ya mai shekara 70 tana jinyar uwa mai shekara 95. Kimanin mutum 100,000 suke barin aikinsu kowace shekara domin jinyar iyaye, abin da yake ƙara rage masu zubin adashin da muka ambata. A shekarar 2000 gwamnati ta kafa inshora ta musamman domin jinyar tsufa, wadda kowa yake fara biya daga shekara 40, a turo wa tsoho mai yi masa wanka da girki a gida, ko a kai shi gidan kula da tsofaffi. Tsarin ya taimaka ƙwarai, sai dai aikin yana da wuya, albashinsa kaɗan, matasa kuma ba sa son sa.

Abin da ya fi tayar da tsikar jiki shi ne mutuwar kaɗaici. 'Yan sandan Japan sun ba da lissafin cewa a 2024 mutum wajen 76,000 da suke zaune su kaɗai aka tarar da gawarsu a gida, galibinsu tsofaffi, wasu sai bayan wata guda ko fiye aka sani. Har akwai kamfanoni da sana'arsu ke nan, share ɗakin da aka yi irin wannan mutuwa da kwashe kayan mamaci.

Ƙauyuka su suka fara ɗanɗana abin tun kafin birane. Garin Yubari da ke tsibirin Hokkaido yana da mutum kusan 120,000 a 1960, zamanin da ake haƙar kwal. Aka rufe ramukan, matasa suka watse, hukumar garin ta tsiyace a 2007, yanzu mazauna ba su kai 7,000 ba, fiye da rabinsu tsofaffi. A ƙauyen Nagoro, wata mata mai suna Tsukimi Ayano ta shiga ɗinka mutum-mutumi na tsumma tana ajiyewa a gurbin maƙwabtan da suka mutu ko suka ƙaura, har a kujerun makarantar da aka rufe a 2012, yau mutum-mutumin sun ninka masu rai sau da yawa. Binciken gwamnati na 2023 ya sami gidaje miliyan 9 da babu kowa a ciki. Manomin Japan kuwa, in an kasa shekarunsu, ya doshi 70. A Italiya ma, inda haihuwa ta faɗo ƙasa da 400,000 a shekara tun 2022, wasu garuruwan tsibirin Sisili sun kai ga sayar da kangon gida a kan yuro ɗaya ga duk wanda ya yarda zai gyara.

TSUFA KAFIN ARZIKI

Japan da Jamus sun yi arziki kafin su tsufa. Ƙasar Sin ita tsufan ya riske ta tana tsakiyar hanya, kuma da hannunta ta gaggauta shi. Dokar ɗa ɗaya da aka kafa a 1980 ta yi shekara 35 tana aiki. A 2016 aka ce a haifi 2, a 2021 aka ce 3, amma mutane sun riga sun saba, tsadar birni kuma ta ƙarasa abin da doka ta fara. A 2022 yawan jama'ar ƙasar ya ragu, karo na farko tun yunwar 1961, a 2023 kuma Indiya ta wuce ta. Masu shekara 60 zuwa sama sun haura miliyan 300. Yaron da aka haifa shi kaɗai, iyayensa ma kowane shi kaɗai ne, yana da mutum 6 a wuyansa, uwa da uba da kakanni 4, ba wa ba ƙane. Sai da ta kai a 2013 aka sa cikin doka cewa tilas 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu. Daga Janairu na 2025 kuma aka fara ɗaga shekarun ritaya, na maza daga 60 zuwa 63 cikin shekara 15.

Koriya ta Kudu ta fi ba da tausayi. Mutanen da suka gina ƙasar daga tokar yaƙi sun zuba duk abin da suka samu a karatun 'ya'yansu, da zaton 'ya'yan za su riƙe su kamar yadda su suka riƙe nasu iyayen. Fanshon ƙasa bai fara ba sai 1988, ya zo a makare ga da yawansu. Al'ada ta sauya kafin hukuma ta shirya, shi ya sa wajen 4 cikin 10 na tsofaffin ƙasar suke cikin talauci bisa ma'aunin ƙasashe masu arziki, ana ganin tsofaffin mata suna tura amalanke suna tsintar kwali a titi domin su sayar.

Gwamnatoci sun gwada sayen haihuwa da kuɗi. Koriya ta kashe dukiya mai ɗimbin yawa tun 2006, Hangari ta yafe wa uwar 'ya'ya 4 harajin albashi har abada. Abin da aka gani shi ne, kuɗi yakan sa wanda dama yake da niyya ya gaggauta, amma da wuya ya sauya ra'ayin wanda ba shi da ita.

INA RUWANMU?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, mu da rabin jama'armu ba su wuce shekara 18 ba, maƙwabciyarmu Nijar kuma rabin nata ba su wuce 15 ba. Gaskiya ne, damuwarmu ta yau ita ce makaranta da aikin yi ga matasa. Masu shekara 65 zuwa sama wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai a Nijeriya. Amma kashi 3 na mutum fiye da miliyan 220 ya haura miliyan 6, ya fi jama'ar Laberiya baki ɗaya. Haihuwa kuma ta fara sauka, binciken lafiya na ƙasa ya nuna 5.3 ga kowace mace a 2018, na 2023 zuwa 2024 ya nuna 4.8. A binciken 2018 Katsina tana da 7.3, Legas 3.4, watau ƙasa ɗaya ce amma ɓangarorinta ba a zango ɗaya suke ba.

Darasin Koriya ne ya fi kusa da mu, ba na Japan ba. Abin da tsohon Nijeriya ya dogara da shi 'ya'yansa ne, kuma 'ya'yan suna Kano da Legas da Fatakwal suna fama da hayar ɗaki ɗaya. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinsa, mai aiki ya zuba kashi 10, a asusu mai sunan ma'aikacin. Wannan ya kauce wa matsalar adashi, amma waɗanda suka yi rajista zuwa 2024 ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba. Manomi da makiyayi da ɗan tireda da mai tuƙa keke-napep, waɗanda su ne mafi yawan masu neman abinci, kusan duk suna waje, duk da ƙaramin tsarin da aka buɗe musu a 2019. Wanda yake ciki ma, hauhawar farashin da ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024 ta zaftare darajar abin da ya tara. Batun tsofaffin ma'aikata da suke yini a layin tantancewa suna jiran garatuti kuwa, jaridun ƙasar nan sun gaji da bugawa. Jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000 a wata a 2011, Lesotho da ba ta kai mu arziki ba ta fara biyan duk mai shekara 70 tun 2004, Kenya ta bi sahu a 2018. A shekarar 2018 ɗin ne Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda ba ta kama aiki ba sai 2021, ƙidayar jama'a da aka shirya a 2023 kuwa an ɗage ta.

Akwai kuma hanyar da tsufan waɗancan ƙasashe ya riga ya shigo gidajenmu. Ƙasar da ta rasa matasa tilas ta nemo na wasu. Matan Romaniya da Yukren suke jinyar tsofaffin Italiya. Ingila ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi a Fabrairu na 2022, 'yan Nijeriya kuma suna cikin ƙasashe uku da suka fi cika ta, tare da Indiya da Zimbabuwe. Nas-nas da likitocinmu ma sun bi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ma'aikatan lafiya suka yi wa ƙaranci har bai kamata a riƙa zuwa ɗibarsu ba. Kuɗin da suke aikowa yana riƙe gidaje da yawa, wannan babu musu, amma 'yar da take juya tsohuwar Baturiya a gado a Manchesta, uwarta tana gida sai dai su gaisa ta waya. Ƙofar kuma ba a hannunmu take ba. A Maris na 2024 aka hana masu wannan biza tafiya da iyalinsu, a Yuli na 2025 aka daina ɗaukar sababbi daga waje.

Japan ita ta fi kowa bukata, ta kuma fi kowa ɗari-ɗari da baƙi. Ta fara karɓar masu jinya daga Indonesiya a 2008, daga Filifin a 2009, daga Biyetnam a 2014, sa'an nan ta buɗe sabuwar biza ta ma'aikata a 2019. A watan Agusta na 2025, wajen taron Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, hukumar agajin Japan ta JICA ta haɗa garuruwa 4 da ƙasashen Afirka 4 domin zumunci, Nijeriya ta sami garin Kisarazu. Wata sanarwa daga fadar shugaban ƙasa a Abuja ta ce za a yi wa 'yan Nijeriya biza ta musamman su je can su yi aiki. Kafin a ce kwabo, mutanen Japan suka yi caa a kan hukumar garin da waya da wasiƙu, ma'aikatar harkokin wajensu ta musanta maganar biza, a watan Satumba kuma JICA ta soke shirin baki ɗaya. Wannan ya faru ne shekara ɗaya bayan ma'aikatar lafiyar Japan ta fitar da ƙiyasinta cewa kafin 2040 ƙasar za ta bukaci ƙarin masu jinyar tsofaffi wajen 570,000 a kan waɗanda take da su a 2022.